Tulun da Surukata Take Ajiye Mini a Ƙofa

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman da na yi a Gana waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma shekarar da kurkunu ya fito wa 'yata a ƙafa, wannan kam ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin zai goge ta. Ga wanda Allah ya raba shi da ganinsa, kurkunu wata tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, da take huda fatar mutum ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, kwana da kwanaki. Ni kaina kafin lokacin sunansa kawai nake ji a bakin mutanen ƙauye.

Ni 'yar Zariya ce, da ruwan famfo na tashi, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na gama firamare, ina iya karanta takardar magani, saboda haka a ganina babu mahalukin da zai koya mini tsabta. Maigidana Bahaushen Salaga ne, jikan fataken goro, makaniken manyan motoci. Aiki ya kawo shi Nijeriya muka haɗu. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin aikin ya ja baya, ya ce shi gida zai koma. Ya riga mu da wata uku, sannan na bi shi da 'yarmu ɗaya tilo, tana shekara biyar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, ga ta 'yar fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" kawai nake ce mata.

Ranar da za mu tashi, duk wanda ya taɓa leƙa ko da Kwatano ne sai da ya ba ni shawarar zaman baƙunta. Wata ta ce kada in ci abin da ban san sunansa ba. Wani ya ce in ci duk abin da aka ba ni, don baƙon da ke ƙin abinci ba ya daɗewa a gari. Wannan ya ce takarduna su riƙa kwana a jikina, waccan ta ce a'a, ƙasan akwati ya fi. Kaina ya ɗaure tun ban hau mota ba. Goggona ce, wadda ta yi zaman Kumasi tun ina goye, ta ja ni gefe ta damƙa mini ƙullin alam, wannan farin dutsen da ake jefa wa ruwa dauɗarsa ta kwanta.

"Duk abin da suka faɗa miki ki watsar, ki riƙe wannan," in ji ta. "Baƙo, ruwa ke kayar da shi. In ruwa bai yi garau kin ga gindin kwano ba, kada ya shiga cikinki, kada ya shiga cikin yarinyar nan."

Da yake ita ce kaɗai ta ba ni abin da zan riƙe a hannu, maganarta na ɗauka.

Kwana huɗu muka yi a hanya. Mun isa Salaga da la'asar, tsakiyar bazara, zafi kamar ya tsaga ƙasa. Gidan nasu tsoho ne, ginin ƙasa, da wata rijiya a bayan ɗakuna wadda bakinta duk igiya ta cinye. Surukata tsohuwa ce siririya, marar yawan magana, kowa Mma yake ce mata. Hausarta irin ta kakanninmu ce, tsaf, ba kamar ta sauran matan unguwar ba da suka cika tsakar gidan suna ce mini "sannu da zuwa, ka gaji," ina ta waiwaye in ga namijin da suke yi wa magana.

A can akwai wata al'ada da ban san nauyinta ba. Ba a tambayar baƙo lafiyar hanya sai ya sha ruwa. Mai gida zai fara kurɓa a gabanka, ya miƙo maka, ka sha, sannan a buɗe gaisuwa. Mma da kanta ta taso, ba ta aiki kowa ba. Ta kurɓa, ta miƙo mini ƙwarya da hannu biyu. Na leƙa. Ruwan fari-fari ne kamar na wankin shinkafa, gindin ƙwaryar ko alamarsa ban gani ba.

"Na gode, Mma, ba na jin ƙishi," na ce.

Mutumin da ya kwana huɗu a mota, leɓensa duk ya tsage, wai ba ya jin ƙishi. Yarinyar ta miƙa hannu za ta karɓa, na janye hannunta. Matan da ke tsakar gidan suka dubi juna. Mma ta ɗan tsaya da ƙwaryar a hannu, sannan ta sunkuya ta ajiye ta a ƙasa, ta ce, "To, sannunku da hanya."

Da muka shiga ɗaki maigidana ya rufe ni da faɗa a hankali, don kada a ji. "Ko leɓe ai kya jiƙa. Ruwan rijiyar gidan nan ne, shi kakannina suka sha."

"Kakanninka ba su ga famfo ba," na ce masa. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya fita. Shi mutum ne da ba ya son doguwar magana, kuma aikinsa na bin motocin doya ne, sai ya yi kwana goma bai kwana gida ba. Maganar ruwa ta zama tawa ni kaɗai.

Washegari da na buɗe ƙofa sai na ga tulu cike a bakin ɗakina, an rufe shi da faifai. Wannan farin ruwan ne. Jibi ma haka, gata ma haka. Na gwada jefa masa alam, bai washe yadda nake so ba, ga wani ɗanɗanon ƙasa-ƙasa da bakina ya ƙi. Na ce a raina wannan na aikace-aikace ne. Da shi nake wanke-wanke, da shi nake wanke kayan yarinyar, wanda ya rage in yayyafa a ƙofar ɗaki saboda ƙura.

Ruwan sha kuwa na samo hanyarsa da kaina, ina ta yi wa kaina kirari. A bayan gari akwai wani babban tafki da aka tare, su dam suke ce masa. Mata ne ke shiga har gwiwa su cika garewani, su shigo da shi gari a ka ko a amalanken jaki. In ya zo ja-ja-ja yake, amma da na jefa masa alam na motsa, kafin a yi sallar azahar ya kwanta, in tsiyaye na saman a sabuwar randa. Garau, ga daɗi a baki. Har maƙwabta nake kira su zo su ga gindin kwano, ina ce musu haka ruwa yake a garinmu. Su dai sai su yi murmushi su ce, "Ɗan Najeriya ya iya."

Sau ɗaya tak Mma ta yi magana. Tsakanin suruka da matar ɗa akwai kunya, ba a cika magana kai tsaye ba, balle mu da muka fara da ƙwaryar da aka mayar. Ina tsiyayar ruwana a tsakar gida, tana zaune tana gyaran kuka, sai ta kira yarinyar.

"Takwara, gaya wa uwarki, ruwan da ake shiga da ƙafa ba na ciki ba ne."

Ni kuwa na ɗauka habaici ne, haushin an ƙi nata take ji. Ban ɗaga kai ba na ce, "Ke, ce mata a garinmu ruwan sha ba shi da launi." Yarinyar ta tsaya a tsakiya tana kallon wannan tana kallon waccan, ba ta kai saƙon kowa ba. Tulun bai fasa zuwa ba har ranar da muka bar garin.

Da damina ta sauka, mai motocin da maigidana ke yi wa aiki ya mayar da shi Yendi, muka kama ɗaki a zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi. A can ne kaina ya fara kwancewa, ya kuma ƙara ɗaurewa. Wata ranar kasuwa na tarar da mata sun taru a ƙarƙashin bishiya, wata ma'aikaciyar lafiya tana bayani da Dagbanci, yaren mutanen garin, wani mutum yana juyawa zuwa Hausa, rabi ya faɗa rabi ya haɗiye. Ta ɗaga wata kwalba da ruwa a ciki, ta sa aka tambaya ko wannan ruwan mai kyau ne. Ruwa garau, irin nawa. Ni sarkin sani na riga kowa cewa mai kyau ne. Ta yafito ni, ta ba ni wani gilashi mai ƙara girman abu, ta ce in ɗaga kwalbar saitin rana.

Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa na gani, farare, suna tsalle-tsalle a cikin ruwan. Mai fassara ya ce su ne ke ɗauke da ƙwan kurkunu, a ruwan tafki suke zama, kuma alam laka yake kwantarwa, su ba ruwansu da shi. Aka raba mana wani ƙyalle mai ƙananan ido da zare a gefensa. A ɗaura shi a bakin randa, a zuba ruwa ta cikinsa. Gefen da ya kalli sama yau, shi zai kalli sama kullum, don in ka juya shi ka wanke abin da ka tare cikin ruwan shanka. In an gama a ɗauraye shi nesa da randa. Wanda ke da itace kuma ya tafasa, ya fi.

Nan take dam ɗin Salaga ya faɗo mini a rai. Amma na ƙirga da yatsa, wata huɗu da barinmu can, daga ni har yarinyar lafiya lau. Na ce Allah ya tsare. Kafin in bar gindin bishiyar kuma matan sun dagula mini lissafi. Wata ta ce ƙarya ne, kurkunu a jini yake, gadonsa ake yi. Wata ta ce taka shi ake yi, ba shan shi ba. Wata tsohuwa ta ce duk wanda aka haifa da nasa yake zuwa duniya, ranar da ya ga dama ya fito. Na koma gida ban san ta wa zan kama ba, sai na haɗa duka. Na ɗinka jan zare a gefen ƙyallen da ke kallon sama, in jefa alam, in tace, in tafasa, sannan na hana yarinyar taka ko da ruwan da ya kwanta a ƙofar gida.

Kafin wata bazarar mun koma Bawku, can bakin iyaka, inda motocin albasa da hatsi da dabbobi ba sa yankewa. Nan na samu abin da nake so, famfon burtsatse a bakin layinmu. Duk da haka sai na tace na tafasa, mutanen gidan hayar suna yi mini dariya. Wadda ta fi kowa dariyar maƙwabciyata ce, wata ƙatuwar mata mai sayar da koko a ƙofar gida. Ba Bahaushiya ba ce, Hausar zango take yi, kuma ta ɗauki son duniya ta ɗora wa 'yata. Kullum da safe sai ta cika mata kofi.

Wata safiya yarinyar ta tashi tana kuka, wai wuta na cin ta a idon sawun hagu. Na duba, wani ɗan ƙurji ne ya yi ruwa. Na ce ƙuna ce, ta je kusa da murhun mai koko. Kwana biyu ƙurjin ya fashe, sai ga wani farin abu ya leƙo daga tsakiyar gyambon. Na tsaya ina kallonsa, na kasa gane me nake gani. Mai koko ta leƙo ta kafaɗata, ta ce, "Ayya. Kurkunu ne."

Ban san lokacin da na juya kanta ba. Ni da nake tacewa in tafasa ruwan famfo, ta ina kurkunu zai shigo mini in ba ta hannun wani ba? A gaban masu sayen kokonta na ce ita ce, da ƙazamin ruwan randarta take dama abin da take ɗura wa 'yata. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Matar nan ta ajiye ludayi, idonta ya kawo ruwa.

"Madam, ka ji tsoron Allah. Ruwa na pompi ne, wanda kai ma kana ɗiba. Koko kuma a wuta ya dahu. Yaran layi nan duka suna sha, wa ya samu? Ɗauki yarinya ka je asibiti ka tambaya."

Na goya ta muka tafi. Wani dattijon ma'aikaci ne ya duba ta, ya wanke wurin. Ina ta zuba masa labarin mai koko, bai ko kula ba, sai ya ce, "Bara war haka a ina kuke?"

Na ce ina ruwan bara da ciwon da ya fito shekaranjiya?

"Wannan abin kusan shekara yake yi a jiki kafin ya nemi hanyar fita. Ruwan da ta sha bara ne. Ina kuke?"

"Salaga," na ce.

Ya gyaɗa kai kamar dama ya sani. Ya kama kan tsutsar ya naɗe a jikin tsinken ashana, ya ɗaure da ƙyalle mai tsabta. Ya ce kullum in murza kaɗan, iya abin da ya biyo da kansa, in ya tsaya in tsaya. Zai iya kai wata guda ko fiye. Kada ta tsoma ƙafar a inda mutane ke ɗiban ruwa. Ya maimaita mini sau uku cewa kada in ja, don in ta tsinke a ciki ƙafar ce za ta biya.

A hanyar komawa kaina kamar ya fashe. Kwalbar Yendi ta faɗo mini, na ture ta gefe. Na tambayi yarinyar a bayana ko akwai ruwan da ta taɓa sha a Salaga ban da nawa. Sai ta ce, "Kaka tana ba ni a ƙwarya in kin tafi kasuwa. Ta ce kar in faɗa." Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: wani sanyi na ji a raina. 'Yata tana kuka a bayana, ni kuwa ina jin daɗin na sami wanda zan ɗora wa laifi.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan su ga maƙiyina. Maigidana ya bi motar albasa kudu. Yarinyar ba ta taka ƙafar, ba ta cin abinci, da ta ga na nufo tsinken sai ta fara ihu. Masu shawara kuma suka dawo. A shafa man kaɗanya. A'a, manja. A ɗaura ganye. A'a, ganye ke sa ta koma ciki. A jiƙa da ruwan sanyi ta fito. A'a, ruwa ke ƙara mata ƙarfi. Kwana goma sha biyu ina murzawa, abin da ya naɗu bai kai tsawon hannun yarinyar ba. Ran na sha uku da safe tsutsar ta biyo da sauƙi, ta biyo, ta ƙara biyowa. Na ce yau zan raba 'yata da wannan azaba. Da ta tsaya, maimakon in tsaya, sai na ɗan ƙara ja. Ban ji ƙara ba, ban ji komai ba, kawai na ga tsinken a hannuna da guntun zare yana lilo, sauran ya koma ciki.

Kafin kwana biyu ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana sheƙi, jikin yarinyar ya yi zafi rau. A asibiti suka tsaga wurin, suka yi ta allurai. Dattijon nan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce dai in yi addu'a, don ciwon ya shiga gaɓa, kuma gaɓa in ta sandare ba lalle ta sake lanƙwasuwa ba. Maigidana ya dawo ya tarar da mu haka. Bai shawarce ni ba ya ba wani direba saƙo zuwa Salaga.

Kwana biyar bayan nan, da hantsi, sai ga Mma a ƙofar gida da ɗan ƙullin kayanta, ta yi buɗu-buɗu da ƙurar hanya. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce Tamale ba. Ta wuce kai tsaye inda yarinyar ke kwance, ta zauna, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana dubawa. Ni kuwa abin da na ƙunsa kusan wata guda ya taso mini. Na ajiye kunyar surukuta gefe, karo na farko na yi mata magana ido da ido.

"Mma, kin ga abin da ruwan rijiyarki ya yi. Na hana, kika bi ta bayana kika ba ta."

Maigidana ya daka mini tsawa, ta ɗaga masa hannu. Ta sauke ƙafar yarinyar a hankali, ta miƙe ƙafafunta a kan tabarma, ta ja zanenta har gwiwa.

"Duba," ta ce. "Duba da kyau, ke mai ido."

Ƙafafun tsohuwa ne, sirara, duk jijiya, amma babu tabo ko ɗaya.

"Tun ina amarya nake shan rijiyar nan. Haihuwa bakwai na yi a gidan, ga ɗaya nan tsaye, ki duba tasa ƙafar. Kurkunu bai taɓa shiga gidana ba, don ba mai shiga rijiya da ƙafa. Matan da suke kawo miki ruwan dam, kin taɓa duban ƙafafunsu?"

Na taɓa gani mana. Kullum ina gani. Tsummokara ɗaure a idon sawu, wata tana ɗingishi da garwa a ka, wata da tsinke a maƙale a ƙwauri. Na ma taɓa bin su dam ɗin sau ɗaya, na ga suna kutsawa cikin ruwan da tsummokaran nasu, suna cewa sanyinsa na kashe musu zugi. Wata uku ina kallon wannan, abin da ya dame ni kawai shi ne ko ruwan zai kwanta in ga gindin kwano.

"Da bazara rijiyar nan tulu biyu take bayarwa a yini," Mma ta ci gaba, muryarta ba ta tashi ba. "Sai an zauna an jira ta tsattsafo, a kwalfa da ɗan gwangwani. Ɗaya na gida duka, ɗaya naki da takwarata, don ku baƙi ne, cikinku bai saba ba. Ina zaune ina kallo kina wanke tukunya da shi."

Na zauna a ƙasa. Duk ruɗun da na kwashe shekara ina ciki ya washe a lokaci ɗaya, kuma abin da ya rage a ƙasa ba mai koko ba ce, ba Mma ba ce, ni ce. Ni na sayo ruwan, ni na gyara shi ya yi kyau, ni na ba ta da hannuna ina alfahari. Ɗan abin da ta sha mai lafiya a garin nan, a ɓoye ta sha shi. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Mma ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Ni ma da nawa. Kin mayar mini da ƙwarya a gaban mutane, na ji zafi, sai na bar magana mai nauyi haka a bakin yarinya 'yar shekara biyar. Da na kama hannunki na kai ki bakin dam na nuna miki, da ba mu zo nan ba. Tashi ki ɗora ruwan zafi."

Wata uku ta yi da mu. A ranar ta sa na je na durƙusa wa mai koko, matar ta rungume ni tana cewa, "Ya wuce, Madam, ciwon ɗa ne ya yi magana." Da kumburin ya saɓe, kullum da hantsi Mma za ta gasa ƙafar, ta shafa man kaɗanya, ta riƙa lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan yarinyar na kuka tana lallashi. Ta ba ta taɓarya ta dogara, tana sa ta zagaya tsakar gida.

Ana cikin haka wani ƙurjin ya fito a ƙafar dama. Na ɗora hannu a ka. Mma ta ce in matsa. Ita ta riƙe wannan tsinken, ba ta bari na taɓa ba. Wata rana ta murza sau biyu, wata rana ko sau ɗaya ba ta samu ba, sai ta ɗaure ta ce, "Yau ba ta so, gobe ma rana ce." Kwana ashirin da shida, tsutsar ta fito duka har wutsiya. Wurin ya warke, ɗan tabo kawai ya bari.

Ta hagun ce ba ta dawo daidai ba. Ta taka, alhamdu lillahi, ta yi makaranta, ta yi aure, yanzu 'ya'yanta huɗu. Amma idon sawun bai sake lanƙwasuwa sosai ba, tana ɗan jan ƙafar, kuma ba ta taɓa yin gudu ba tun daga shekarar. Tun tana ƙarama ta raɗa wa ƙafafun suna, ba da nufin komai ba, don ta bambance su in ana gashi: ta dama ƙafar Kaka, ta hagu ƙafar Umma. Har yau haka take faɗa tana dariya, in sanyi ya taso ta ce, "Umma, yau ƙafarki ta motsa." Ita wasa take yi. Ni kuwa ban taɓa jin kalmar nan ban ji ta har cikin ƙashina ba.

Shi ya sa yanzu in wani zai tafi zama wata ƙasa ya zo neman shawarata, ba na cika shi da dogon jawabi. Nakan ce masa ruwa ya yi garau ba shi ne ya yi tsabta ba, ya tace, ya tafasa, kuma in likita ya ce kada ka ja, to kada ka ja. Amma kafin wannan duka, ya nemi wanda ya fi kowa tsufa a gidan da ya sauka, ya ga me yake sha, ya sauke girman kai ya tambaye shi dalili. Matambayi ba ya ɓata. Ni ban tambaya ba, don ina ganin na fi su sani, kuma ba ni na biya ba. Yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ita take jan kuskurena a ƙafarta har yau.